Shin Akwai Lokacin da Zubar da Jini Ke Halatta a Siyasa? Tambayoyi da Amsoshi

Maganar ba ta daɗewa ba ta dawo ba. Da zaɓe ya ƙarato, ko buhun masara ya yi tashin gwauron zabo, ko sojoji suka hamɓarar da gwamnati a wata ƙasa ta maƙwabta, za ka ji wani a majalisa ko teburin mai shayi ya ce mutanen nan ba za su ji ba sai jini ya zuba. Mafi yawan masu faɗin haka ba mugaye ba ne, mutane ne da tura ta kai su bango. Don haka tambayoyinsu sun cancanci amsa ta gaskiya, ba wa'azin haƙuri kawai ba.

A taƙaice, yana halatta ko ba ya halatta?

Yana iya halatta, amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma kusan duk mai kiran mutane su shige ta a siyasarmu ta yau ba shi da hurumin yin haka. Malaman addini da masana shari'a, duk da bambancinsu, sun yi kusan haɗuwa a kan sharuɗɗa kaɗan: zaluncin ya kai ga barazana ga rayuka, an toshe duk wata hanya ta lumana bayan an jarraba ta da gaske, akwai jagoranci da zai iya ba da umarni a bi, ba za a taɓa wanda ba ya yaƙi ba, kuma akwai kyakkyawan zato cewa ɓarnar da za ta biyo baya ba za ta fi wadda ake son kawarwa ba.

A ganina sharaɗin jagoranci ne ya fi kama mutane. Duk wanda ya ce a tashi, a tambaye shi: idan abin ya wuce inda ka so, wa zai tsayar da shi? Faɗuwa zaɓe, ko da da maguɗi, da tsadar rayuwa, da zagin gwaninka, babu ɗaya daga cikinsu da ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Zanga-zanga da yajin aiki suna cikin abin da ake magana a kai?

Ba sa ciki. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin taro da shiga ƙungiya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami, a shari'ar da ta samo asali daga taron jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da hayaƙi mai sa hawaye a Kano cikin Satumbar 2003. Abin da muke magana a kai shi ne kisa, sara, ƙona gida ko shago, sace akwatin zaɓe da makami, tayar da bam, da juyin mulki. Harbin masu zanga-zangar lumana da jami'an tsaro ke yi ma yana ciki.

Ai Mandela ma ya ɗauki makami, kuma duniya na girmama shi. Me ya bambanta shi?

Ya ɗauka, kuma bai taɓa musun haka ba. Ina cikin masu ganin yana da hujja. Sai dai a duba abin da ya gabaci wannan mataki.

An kafa ANC, ƙungiyar su Mandela a Afirka ta Kudu, a 1912. Kusan shekara 50 tana aika wasiƙu da wakilai, tana yajin aiki, tana bijire wa dokokin wariyar launin fata ba tare da makami ba. Baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye a Afirka ta Kudu, ba su da ƙuri'ar da za su kayar da gwamnati da ita. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville suka kashe mutum 69, da yawansu an harbe su ta baya suna gudu. Wata na gaba gwamnati ta haramta ANC baki ɗaya. Ba ƙuri'a, ba jam'iyya, ba taro. Sai a ranar 16 ga Disamba 1961 reshen soja, Umkhonto we Sizwe, ya fara aiki, kuma da gangan aka fara da zagon ƙasa kan turakun lantarki da gine-ginen gwamnati cikin dare, don a kauce wa kashe mutane.

Ko a haka abin bai tsaya inda aka tsara ba. Bam ɗin da aka tayar a wani titi na Pretoria a 1983 ya kashe mutum 19, ciki har da farar hula. Hukumar Gaskiya da Sulhu da aka kafa bayan faɗuwar wariya ta tabbatar da cewa ANC ma ta keta haƙƙin mutane, har da azabtar da 'ya'yanta a sansanoninta na ƙasar Angola. Ke nan ƙungiya mai gaskiya a hannu, mai tsari da shugabanni masu hangen nesa, ita ma ba ta fita da hannu mai tsabta ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarshen labarin. A 1985 shugaba Botha ya yi wa Mandela tayin saki in zai yi tir da gwagwarmayar makami, ya ƙi, domin ba a buɗe wata ƙofa ba tukuna. Da aka sake shi a Fabrairun 1990 aka kuma ɗage haramcin ANC, cikin watan Agusta na shekarar ƙungiyar ta dakatar da yaƙi. Tana da ikon cewa a tsaya, kuma ta yi amfani da shi. Wanda ke da katin zaɓe a aljihu, da jam'iyyar da zai shiga, da rediyon da zai kira ya soki gwamna, ba halin Mandela na 1961 yake ciki ba.

To yaƙin ƙwatar 'yanci daga Turawan mulkin mallaka fa?

Wanda aka mamaye ƙasarsa da bindiga yana da hujja mafi ƙarfi da za a iya samu. Ba na ganin laifin ɗan Aljeriya da ya shiga daji a 1954, bayan shekara fiye da 120 na mamayar Faransa da kisan gillar Setif na 1945. Amma farashin ya yi tsanani. Gwamnatin Aljeriya na cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka mutu kafin 'yancin 1962, masana tarihi na Faransa na kawo adadi ƙasa da haka, ko da yake shi ma dubu ɗaruruwa ne. Ƙungiyar FLN da ta jagoranci yaƙin ta yaƙi 'yan uwanta masu neman 'yanci na ɓangaren Messali Hadj, kuma da aka ci nasara masu bindiga ne suka riƙe ƙasar: Boumediene ya kifar da Ben Bella a 1965, sojoji suka soke zaɓe a 1992, aka faɗa yaƙin basasa na tsawon shekaru.

Ghana a 1957, Nijar da Najeriya a 1960, sun karɓi 'yanci ta hanyar jam'iyyu, jaridu, yajin aiki da zaman tattaunawa. Wannan ba ya nufin sun fi 'yan Aljeriya hankali, yanayin mamayar ne ya bambanta. A Nijar kuwa, da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, ta juya ga makami a 1964, cikin ɗan lokaci aka murƙushe ta. Magoya bayanta na ƙauyuka ne suka ɗanɗana kuɗarsu, gwamnatin Diori kuma ta ƙara samun dalilin matse kowa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai yaƙi sarakunan zamaninsa ba?

Ya yaƙe su, bayan kimanin shekara 30 yana karantarwa da wa'azi a Gobir, Zamfara da Kabi ba tare da ya zare takobi ba. Ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, aka kuma amsa masa. Zamanin Sarkin Gobir Nafata ne aka hana wa'azi ga kowa in ban da shi, aka hana rawani da lulluɓi. Zamanin magajinsa Yunfa aka kai wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, hari a Gimbana aka kama su. Ko a nan matakin farko da Shehu ya ɗauka hijira ce, daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Rundunar Gobir ce ta biyo su, aka gwabza a Tabkin Kwatto.

Masu kafa hujja da jihadin don siyasar yau sukan tsaya a nan, alhali su kansu jagororin ba su tsaya ba. Malam Abdullahi, ƙanin Shehu kuma babban kwamandansa, ya ga yadda wasu mayaƙa suka karkata ga ganima da mulki har ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya gabas, sai a Kano aka shawo kansa ya tsaya ya karantar. Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi na Borno ya rubuta wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello kuma ya riƙa amsa masa da hujjojinsa. Shi kansa Abdussalami, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abin da ya kunna yaƙin, ya ƙare da saɓani da Bello bayan rasuwar Shehu a 1817, aka yaƙe shi ya rasu a dalilin haka.

Ina kawo wannan ne da girmamawa ga waɗannan malamai, domin su ne suka rubuta shi da hannunsu ba su ɓoye ba. Idan mutane masu irin wannan ilimi da tsoron Allah sun sha wahalar riƙe linzamin yaƙin da suka shiga bisa tilas, ɗan takarar da ke raba wa yara ƙwaya da adda bai da bakin ambaton sunansu.

Me addini ya ce?

A Musulunci, Manzon Allah (SAW) ya yi shekara 13 a Makka ana azabtar da sahabbansa, ba a ba su izinin yaƙi ba. Izinin ya zo ne a Suratul Hajji, aya ta 39 da ta 40, ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su, aka kore su daga gidajensu. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai ɗaya ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane duka. Jumhurin malaman Sunna sun hana yi wa shugaba tawaye da makami ko da yana da zalunci, kuma dalilinsu abin da suka gani ne na fitinun farko, tun daga kisan Sayyidina Usman zuwa yaƙoƙin da suka biyo baya. Sayyidina Hasan ɗan Ali ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan hijira don kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba.

Amma a lura, malaman da suka hana tawaye ba su halatta shiru ba. Hadisi ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Malamin da ya karanta wa talaka rabin farko ya ɓoye wa gwamna rabi na biyu ya ci amanar ilimi.

A Kiristanci, Yesu Almasihu ya umarci almajirinsa ya mayar da takobi kube a daren da aka kama shi, kamar yadda ya zo a Matiyu sura 26. Daga baya malamai irin su Augustine da Thomas Aquinas suka shimfiɗa sharuɗɗan yaƙin adalci: hukuma halastacciya, dalili na gaskiya, da niyya mai kyau. Babu addini a cikin biyun da ya ba wani damar kashe maƙwabcinsa don ya zaɓi wata jam'iyya.

Juyin mulkin da ya kawar da ɓarayi, shi ma laifi ne?

Sashe na 1(2) na tsarin mulkin Najeriya ya haramta karɓar mulki ta kowace hanya in ba wadda kundin ya tanada ba, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda ta zama Tarayyar Afirka, ma ta ɗauki wannan matsaya tun sanarwar Lome ta 2000. Amma mu bar doka mu dubi tarihinmu.

Sojojin da suka tashi ranar 15 ga Janairu 1966 sun ce cin hanci da ƙabilanci suka zo kawarwa. A dare ɗaya aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A watan Yuli aka rama, aka kashe Janar Ironsi da Kanar Fajuyi. A watannin da suka biyo baya aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikata da ba su san hawa ba balle sauka. Wannan abin kunya ne da ya kamata mu riƙa faɗa da bakinmu. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙin basasa, inda ƙiyasi da dama ke cewa sama da mutum miliyan ɗaya suka mutu, galibi yara da yunwa ta kashe. Sojoji suka yi kusan shekara 29 a kan mulki gaba ɗaya, cin hancin bai tafi ba, kuma a ƙarƙashinsu aka rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997.

Misali mafi ƙarfi da masu goyon bayan juyin mulki ke da shi na Nijar ne a 2010, lokacin da Salou Djibo ya kifar da Tandja Mamadou bayan ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki don yin tazarce, ya kuma miƙa mulki ga zaɓaɓɓen shugaba a 2011. Gaskiya ne, ya cika alkawari. Sai dai ƙasar ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kuma a na 1999 harbe shugaba Ba'are Mainasara aka yi, wanda shi ma da bindiga ya hau. Kowane ɗaya yana koya wa hafsan da ke biye cewa hanyar a buɗe take. Ranar da talaka ya tafa wa soja, ya miƙa makomarsa ga halin mutum ɗaya da ba shi da hanyar cirewa in ya juya masa baya.

Me ya sa kullum talaka ake cewa ya yi haƙuri, alhali gwamnati ma tana kashe mutane?

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk maganar zaman lafiya da ta tsallake shi ba za ta shiga kunnen kowa ba. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma sun harbe manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwa ta Bakolori. Sojoji sun rusa garin Odi a 1999, sun yi kisa a Zaki Biam a 2001. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya samu cewa a Disambar 2015 a Zariya an kashe mutum fiye da 340 a arangamar sojoji da mabiya Shi'a. Mutum ba ya buƙatar yarda da aƙidar waɗanda aka kashe kafin ya ce wannan zalunci ne.

An ba hukuma bindiga ne da sharaɗin za ta yi aiki da ita bisa doka, don haka laifinta ya fi na kowa nauyi idan ta karya sharaɗin. Yana kuma haifar da abin da ake tsoro. Kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009, ba tare da an kai shi kotu ba, ya ba mabiyansa labarin da suka riƙa ɗibar yara da shi. Amma a dubi abin da suka yi da wannan ƙorafi: kasuwanni, tashoshin mota, makarantu, masallatai da coci-coci. A Nuwambar 2014 masallacin Juma'a na ƙofar fadar Sarkin Kano suka kai wa hari. Zaluncin hukuma bai taɓa zama lasisin kashe mai tallan ƙosai ba.

Hanyar lumana tana cin nasara kuwa, ko lallashi ne kawai?

Wasu masu bincike biyu na Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun nazarci gwagwarmaya 323 da aka yi tsakanin 1900 da 2006. Sun samu cewa kimanin kashi 53 cikin 100 na masu bin lumana sun cimma burinsu, na masu makami kuwa kashi 26. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yajin aiki da zaman dirshan kowa na iya shiga, tsoho da mace da malamin makaranta da direba, yaƙi kuwa sai samari ƙalilan. Kuma soja ya fi saurin ƙin bin umarni idan taron da ke gabansa ba ya jifansa.

Mun gani a gida. A Janairun 2012 gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Yajin aiki da zanga-zanga na mako guda suka sa aka dawo da ita 97. A Sudan, zanga-zangar da ta faro daga garin Atbara kan tsadar burodi a Disambar 2018 ta kawo ƙarshen mulkin shekara 30 na Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Abin da ya rusa Sudan daga baya rundunoni biyu ne masu makami da suka juya wa juna a Afrilun 2023.

Lumana ba ta da tabbas, kuma ba ta da arha. An kashe masu zaman dirshan fiye da 100 a Khartoum ranar 3 ga Yuni 2019, in ji likitocin ƙasar. Chenoweth da kanta ta ce nasarar irin wannan gwagwarmaya ta ragu a shekarun baya-bayan nan, domin gwamnatoci sun koyi dabarun karya ta. Duk da haka, a kwatanta da Libiya, wadda makamanta suka bazu cikin Sahel bayan 2011 har suka iso dazukanmu.

Idan an sace zaɓe ƙiri-ƙiri fa?

A tuna Afrilun 2011. Cikin kwana uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙididdige mutum fiye da 800 da aka kashe a jihohi 12 na Arewa. An kashe masu yi wa ƙasa hidima 10 a jihar Bauchi, yaran mutane da aka turo su riƙe rumfar zaɓe. An kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewaye, an kashe Kiristoci a wasu garuruwa, an ƙona masallatai da coci-coci. Sakamakon zaɓen bai canza da ƙuri'a ko ɗaya ba. Shekara huɗu bayan haka, da ƙuri'a da na'urar tantance masu zaɓe da haɗakar jam'iyyu, ɗan takarar da aka yi rikicin da sunansa, Muhammadu Buhari, ya ci, shugaba Jonathan ya kira shi ya taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako.

Kotuna suna da matsalolinsu, wani lokaci hukuncinsu na ƙona rai. Amma ta nan Peter Obi ya karɓi kujerarsa ta gwamna a 2006, Oshiomhole a 2008, Mimiko a 2009, Fayemi da Aregbesola a 2010. A Kenya a 2017 da Malawi a 2020 kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa sukutum.

Abokan hamayyarmu sun tanadi 'yan daba. Mu zauna a yanka mu?

Kowane ɓangare haka yake faɗa, shi ya sa abin ya ƙi ƙarewa tun zamanin NPC da NEPU. Sunan ne kawai ke canzawa: 'yan daba da 'yan jagaliya a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ƙauraye a Katsina. Sashe na 227 na tsarin mulki ya haramta wa kowace ƙungiya horar da mutane ko ba su kayan aiki don nuna ƙarfi wajen cimma burin siyasa, bai kuma ware wanda aka fara tsokana ba.

'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai na En'e, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama, an yi mata duka. An yi arangama a wancan zamani, ba a musu. Amma abin da Malam Aminu Kano ya gina jam'iyyarsa a kai shi ne wayar da kan talaka ya san haƙƙinsa ya daina tsoro, kuma da wannan PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979. A wannan Kanon dai, tarzomar 10 ga Yuli 1981 ta cinye Dakta Bala Muhammad, ɗaya daga cikin hazikan masanan da jihar ke da su.

Yaron da aka saya wa makami ba ya mayar da shi bayan rantsuwa. Mai gidansa ya tare a gidan gwamnati, shi kuma ya koma unguwa da adda da jarabar ƙwaya, ya fara ƙwacen waya a hannun waɗanda aka ce yana karewa.

Kare kai daga 'yan bindiga ma haramun ne?

A'a. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duk sun yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa a lokacin da aka kawo masa hari, sashe na 33(2) ya ambaci haka. Matasan Maiduguri da suka tashi da gora a 2013 sun taimaka wajen korar Boko Haram daga cikin gari. Iyakar ita ce harin da ke gabanka. Ranar da 'yan sa-kai suka tare Bafulatani a kasuwa suka kashe shi don ƙabilarsa, sun bar kare kai sun shiga ramuwar gayya, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar Zamfara har ta kai inda take.

Ni rubutu kawai nake yi a Facebook, ban taɓa riƙe makami ba. Ina da alhaki?

Kana da shi. A Ruwanda a 1994, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai yana faɗin inda suka ɓuya. A 2003 kotun duniya ta ɗaure wasu jagororinsa, ba don sun riƙe adda ba. Kafin a kashe mutum sai an fara cire shi daga sahun mutane da baki: arne, maci amana, ɗan wuta, bare. Wanda ya tura tsohon hoton gawarwaki daga wata ƙasa ya ce yau aka yi a garin kaza, ko ya yaɗa muryar da ke cewa a fito a rama, yana da kaso a abin da ya biyo baya. Soki shugaba da sunansa, kawo alƙaluma, faɗi abin da ya yi. Wannan haƙƙinka ne, kuma ana buƙatarsa.

To ranar zaɓe, in na ga ana shirin murɗiya, me zan yi?

Yawancin aikin tun kafin ranar ake yin sa. Jam'iyyar da ke da kuɗin ciyar da 'yan daba tana da kuɗin horar da wakili mai karatu a kowace rumfa, ta ba shi abinci da kuɗin mota don kada wani ya saye shi da rana tsaka. Bayan kaɗa ƙuri'a a tsaya nesa kaɗan cikin natsuwa, maza da mata da dattawan unguwa, har a ƙirga a gaban kowa. Taro mai yawa da ba ya ɗauke da komai ya fi wahalar tarwatsawa, kuma ba ya ba jami'an tsaro dalilin harbi ko hukumar zaɓe dalilin soke rumfar, wanda sau da yawa shi ne abin da mai tayar da rikicin ke nema a inda ya san zai faɗi.

Wakili ya tabbatar an cike takardar sakamako ta EC8A a wurin, an sa hannu, ya karɓi kwafinsa, a ɗauki hotonta da waya kafin ta bar rumfa. A bi ta zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa da ta ƙaramar hukuma, domin a nan alƙaluma suka fi canzawa. In an ga ɓarna a rubuta lokaci da wuri da sunayen shaidu nan take, a sanar da masu sa ido da 'yan jarida. Tsarin mulki ya ba da kwana 21 kacal daga ranar sanar da sakamako a shigar da ƙara, kotun zaɓe kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kuma ƙararraki da yawa suna faɗuwa ne saboda mai ƙara ya kasa kawo takardu da shaidu rumfa bayan rumfa.